Idan Sunan Yanka Ya Saɓa da Sunan Kwali

A majalisarmu ta bayan Isha'i a unguwar Runjin Sambo cikin Sakkwato maganar ta tashi. Ɗan wani abokinmu da ya samu gurbin digiri na biyu a Ingila ya turo wa mahaifinsa hoton fom ɗin rajista, yana tambayar abin da zai cike. Gurabe biyu ne a saman fom ɗin: ɗaya na sunan da ke cikin fasfo, ɗaya na sunan da ɗalibi yake so a riƙa kiransa da shi. Can ƙasa ga tambayar jinsi, amsoshinta kuma sun wuce biyu. Waya ta zaga hannu-hannu, kowa na tofa albarkacin bakinsa, mafi yawa tir da a'uzubillahi. Sai wani dattijo a cikinmu, tsohon hedimasta, ya karɓa, ya gyara tabarau, ya duba, ya ce, "To ku mi yab ba ku mamaki ga gurbin suna biyu? Ni Usmanu anka yanka mani rago da shi, amma ban taɓa jin uwata ta hwaɗe shi ba. Shehu kowa ka ce mani."

Aka yi dariya aka shiga wata hira. Ni kuwa maganar ta biyo ni har gida, domin dattijon ya taɓo gaskiya ta wani gefe, masu tir ɗin ma ba su ɓata ba wajen gane dalilin buɗe gurbin. Ba don Shehu da Indo da Kulu jami'o'in can suka ƙirƙiro shi ba. Sun yi shi ne musamman saboda rukunin ɗalibai uku da suke jerawa a layi guda cikin takardunsu: masu sauya jinsi, da waɗanda ke cewa su ba maza ba ne ba kuma mata ba, da waɗanda aka haifa halittarsu ba ta fito sarai ba, wato mata-maza. Turawa sun yi musu kuɗin goro don su ba su kariya iri ɗaya. Mu kuma muka karɓi kuɗin goron yadda yake, muka watsar da su gaba ɗaya. A cikin waɗanda aka watsar akwai wanda fiƙihunmu ya san da zamansa fiye da shekara dubu, amma ofishin rajista bai san inda zai ajiye shi ba.

Ga yadda tsarin yake aiki a can, tunda yawancin masu zaginsa da masu yabonsa ba su taɓa karanta shi ba. An raba suna gida biyu. Akwai sunan doka, wanda ke cikin fasfo da takardar haihuwa. Da shi ake yin biza, da bashin karatu, da albashi idan ɗalibi na ɗan aiki a makaranta, da duk abin da zai fita daga jami'a ya shiga hannun gwamnati. Wannan ba ya motsi sai an kawo hujja ta doka: umarnin kotu a yawancin jihohin Amurka, ko takardar sauya suna da ake sa wa hannu gaban shaidu a Ingila. Sai sunan zaɓi, wanda ɗalibi zai shiga shafinsa na intanet ya rubuta da hannunsa, ba likita ba alƙali. Shi zai fito a jerin sunayen da malami ke riƙe da shi a aji, da adireshin imel, a wasu makarantu har da katin shaida. Igiyar da ta ɗaure sunayen biyu ita ce lambar ɗalibi, wadda ba ta canzawa daga ranar shiga har ranar fita. Ma'aikata ƙalilan ne ke da izinin ganin duka biyun.

Jami'ar Bamont a Amurka ce ta fara shigar da wannan cikin kwamfutocinta a 2009. Jami'ar Kalifoniya ta fitar da nata tsarin a 2020, ta ce a sa zaɓin jinsi uku a fom, shekara guda bayan nan kuma jihar ta yi dokar da ta bai wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati damar a buga musu sunan zaɓi a kan kwalin digiri. A Birtaniya dokar 2004 ta amincewa da jinsi ta mayar da shi laifi ga ma'aikacin da ya san tarihin mutum ta hanyar aikinsa ya je ya bayyana shi. Hujjar masu tsarin ba ta da tsawo. Ranar farko a aji malami zai ɗaga takarda ya kira suna, idan sunan ya saɓa da kamannin wanda ya amsa, to an tona masa asiri gaban mutum ɗari, kuma kowane zango sai an maimaita.

Kada a ɗauka can ɗin ma magana ta mutu. Wani malamin falsafa a jami'ar Shoni ta jihar Ohayo, Nicholas Meriwether, ya ƙi kiran wata ɗaliba mai sauya jinsi da lafazin mace saboda imaninsa na Kirista. Jami'a ta ba shi takardar gargaɗi, ya kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta goya masa baya a 2021, shekara ta gaba jami'ar ta biya dala 400,000 aka sasanta. Ranar 20 ga Janairun 2025 Donald Trump ya sa hannu kan umarnin cewa gwamnatin tarayya jinsi biyu kaɗai ta sani. Cikin Afrilun 2025 kotun ƙolin Birtaniya ta ce kalmar mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin mace ta haihuwa. Sai dai wanda ya bi rigimar a hankali zai ga ba a kan gurbin suna wutar ta fi ci ba. A kan banɗaki ne, da filin wasa, da kalmar da za a tilasta wa wani ya furta.

Wannan na ƙarshe zai fi yi mana nauyi fiye da Bature, saboda harshenmu. Bature zai iya yini yana hira da mutum fuska da fuska bai ambaci jinsinsa ba. Bahaushe ko gaisuwa ba zai iya ba: ko dai ka kwana lafiya, ko kin kwana lafiya. Kai da ke, naka da naki, ka zo da ki zo. Mafaka ɗaya ita ce "ku" ta girmamawa, ita ma ba za ka yi ta yi wa abokin ajinka ba sai an tambaye ka lafiya. Don haka a wurinmu gyaran suna rabin aiki ne, sauran rabin yana bakin jama'a.

Rukuni biyun farko ba zan daɗe a kansu ba. Mai sauya jinsi mutum ne da jikinsa ya fito sarai namiji ko mace, amma yake cewa abin da yake ji a ransa ya saɓa da jikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a 2019, ta mayar da shi babin lafiyar jima'i. Na biyun kuwa suna cewa rabon gida biyu ne bai ɗauke su ba. Matsayin malamanmu a kan sauya jikin da ya fito sarai sananne ne, Jihar Sakkwato kuma tana kan shari'ar Musulunci tun 2000, Najeriya ba ta da wata dokar da ta tsara sauya jinsi a takarda. Babu majalisar jami'ar da za ta zauna a Dundaye, mazaunin Jami'ar Ɗanfodiyo, ta kwafo tsarin Kalifoniya, wanda duk ya ce maka za a yi, tsorata ka yake. Abin da kawai zan ƙara shi ne rashin yarda da mutum bai halatta a taru masa da duwatsu ba, bai kuma halatta a ɗauki hotonsa a watsa a Facebook ba. 'Yan daudu sun daɗe a kasuwanninmu da tashoshinmu suna tuyarsu, kakanninmu sun yi musu wa'azi, sun yi musu ba'a, amma ba su mayar da farautarsu sana'a ba.

Na ukun shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mata-maza ba ra'ayi ba ne, ba kuma abin da aka koyo a fim ba ne. Halitta ce, likitoci kuma sun san hanyoyin da take zuwa. Akwai jaririyar da ƙwayoyin halittarta na mace ne, tana da mahaifa da komai, amma wata ƙaba da ke saman ƙoda ta yi ta zubo sinadarin maza tun tana ciki, sai ta fito gabanta ya yi kama da na namiji, a raɗa mata sunan namiji. Ana samun wannan a kusan haihuwa 1 cikin 15,000, kuma wani nau'insa na sa jariri ya yi ta zubar da gishirin jikinsa har ya mutu cikin makonnin farko idan ba a kai shi asibiti ba. Akwai akasin haka: yaro namiji ne a ƙwayoyin halitta, amma jikinsa ya rasa wani sinadari da ke siffanta gaba tun a ciki, sai ya fito kamar mace, a yi masa kitso da lalle, ranar da balaga ta zo murya ta buɗe, ƙirji ya faɗaɗa, gaba ya sauya. Wata likita Ba'amurkiya, Julianne Imperato-McGinley, ta bayyana wannan a 1974 bayan bincikenta a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika, inda abin ya yawaita saboda auren zumunci. Wanda ya san yadda muke auren ɗan wa da 'yar ƙane a ƙasar nan ba sai an ja masa kunne ba. Akwai kuma wadda jikinta na mace ne tsaf a waje, ta tashi mace, ta san kanta mace, sai da haila ta ƙi zuwa aka yi hoto aka ga babu mahaifa. Ita wannan galibi ba ta buƙatar sauya ko harafi ɗaya na sunanta, abin da take buƙata shi ne a yi mata shiru.

Yawansu ya danganta da wanda kake tambaya. Masu faɗaɗa ma'ana suna cewa har kashi 1.7 cikin ɗari na mutane, adadin da Majalisar Ɗinkin Duniya kan ambata. Masu ƙuntatawa suna cewa kashi 0.018. Jariran da ake dubawa a rasa gane namiji ne ko mace kuwa, likitoci na ƙiyasta kusan 1 cikin 4,500. Ko da wannan na ƙarshe aka riƙe, jihar da ke da miliyoyin mutane tana da ɗaruruwansu. Suna cikin unguwanninmu, wasu sun zauna kusa da mu a aji.

Duk wanda ya sauke Muhtasar na Shehu Halilu a zauren malami cikin garin nan ya san da me littafin ya ƙare. Bayan dukkan babukan ibada da ciniki da aure da hukunci, mas'alar ƙarshe ita ce gadon hunsa mushkili, mata-mazan da aka kasa rarrabewa. Malikiyya suka ce a ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Misali, mutum ya mutu ya bar ɗa namiji da hunsa. Da hunsan namiji ne da ya samu rabi, da mace ce da ta samu sulusi, sai a haɗa a raba biyu, ya tashi da 5 cikin 12, ɗan'uwansa ya ɗauki 7. Daga nan marubucin ya jero alamomin da ke warware rikicin: mafitar fitsari, fitowar gemu, fitowar nono, haila, maniyyi. Idan ɗaya ta bayyana, ya ce, fa la ishkala, babu sauran rikici. Da wannan kalma ya rufe littafin. Abin lura a nan shi ne yawancin alamomin ba sa zuwa sai da balaga. Ma'ana malaman nan sun yarda tun ƙarni na 14, da ma kafin nan, cewa abin da aka gani ranar haihuwa na iya zama ba shi ne hukuncin ƙarshe ba, kuma idan gaskiya ta bayyana daga baya, ita ake bi a sahu da gado da aure.

Malaman zamani sun ɗora a kan haka. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a 1989 ta haramta sauya jikin wanda halittarsa ta cika, ta kuma halatta a yi wa mata-maza magani ko tiyata don a fito da ɓangaren da ya rinjaya, domin a wurinta wannan bayyana abin da ke ɓoye ne. Kotun shari'a ta tarayyar Fakistan ta ja irin wannan layi a Mayun 2023, lokacin da ta soke sassan dokar 2018 da suka ba mutum damar zaɓen jinsi da kansa, ta bar hunsa da haƙƙinsa. Wanda ke son ganin yadda abin ke rikicewa idan ya shiga harabar jami'a kuwa, ya dubi Masar. A 1988 aka yi wa wani ɗalibin likitanci na Azhar tiyata ya koma mace mai suna Sali. Likitoci suka rabu a kan ko hunsa ne ko ba hunsa ba, Mufti Muhammad Sayyid Ɗanɗawi ya ba da fatawar da kowane ɓangare ya ja ta gefensa, hukuma ta ba ta takardun mace, amma jami'ar ta ƙi karɓarta a tsangayar mata, ta maza kuma ta riga ta rufe. Aka shafe shekaru ana zarya a kotu.

To mu dawo gida, mu ƙaddara misali. An haifi jariri a gida, a wani ƙauye ta wajen Gwadabawa. Ungozoma ta duba, tsofaffi suka duba, aka ce mace. Kwana bakwai ba ya jiran kowa: an sayi rago, an raba goro, liman ya raɗa suna, mu ce Hadiza. Ta yi firamare, ta yi sakandaren 'yan mata. Tana shekara goma sha huɗu murya ta fara kauri, haila shiru. Uwa ta gani ta yi gum, aka yi ta rubutu da saiwoyi, hijabi ya rufe sauran. Da sunan Hadiza ta rubuta WAEC, da shi ta yi lambar NIN, da shi ta yi JAMB, ta samu jami'a, aka ba ta gado a ɗakin kwanan mata. Sai tana aji biyu wani kawu mai ido ya kai ta asibitin koyarwa. Aka yi gwajin jini, aka yi hoto, likitoci suka ce namiji ne. Shi ma mai jikin ya ce tun da daɗewa ya san haka. Aka kai wa malamin unguwa, ya buɗe littafi ya ce babu rikici. Dangi suka taru aka sake suna, mu ce Hamza.

A gida an gama cikin mako guda. A takarda yanzu aka fara. Takardar haihuwa tana hannun hukumar ƙidaya. NIN tana hannun hukumar katin ɗan ƙasa, kuma tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. Satifiket ɗin sakandare yana hannun WAEC ko NECO, da hoton yarinya a jikinsa. Banki na da BVN. Jami'a na da fayil ɗinta, wanda dole ya dace da jerin waɗanda JAMB ta amince da shigarsu, daga shi kuma za a tura jerin waɗanda suka kammala zuwa hukumar yi wa ƙasa hidima. Kowace hukuma tana duban 'yar'uwarta, kowace na cewa a fara gyarowa daga can.

Hanyar da kowa ya sani ta sauya suna a Najeriya ita ce rantsuwa a kotu da buga sanarwa a jarida. Ga amaryar da ke son ɗaukar sunan miji, ko wanda aka rubuta masa Mohammed a nan Muhammad a can, wannan ba komai ba ne. Ga Hamza kuwa, ana nufin ya biya kuɗi a buga wa duniya cewa shi da aka sani da Hadiza wance yanzu sunansa Hamza wane, a jaridar da intanet ba ta mantawa. Wato ya sayi tonon asirinsa da kuɗinsa. Kuma ko ya daure ya yi, ba lallai ta fisshe shi ba. Ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe rantsarwa, kotun ƙoli ta ƙwace kujerar gwamnan Bayelsa daga David Lyon saboda sunayen da ke takardun mataimakinsa, Biobarakuma Degi-Eremienyo, sun saɓa wa juna. Kotun ta nuna cewa takardar rantsuwa ba ta isa ta gyara sunan da ke kan satifiket ba, hukumar da ta bayar da shi ce ke da ikon gyarawa, sauya suna kuma yana buƙatar takarda ta musamman da bugawa a gazet ɗin gwamnati. Idan saɓanin suna ya kayar da zaɓaɓɓen gwamna, ina ga yaron da ya fito daga ƙauye da fayil a hammata?

Ka ƙaddara shi gaban teburin tantancewa, da ɗan gemunsa, ya miƙa satifiket mai sunan Hadiza. Ma'aikacin zai ɗaga kai ya ce, "Samari, sakamakon ƙanwarka ka ɗauko mana?" Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, abin da aka horar da shi ya kama ke nan. Zaɓin da ya rage wa yaron shi ne ya kwance tarihin jikinsa a gaban layi, ko ya juya ya tafi. A ganina mafi yawa juyawa za su yi. Mai hali zai koma ya sake WAEC da sabon suna, ya yi asarar shekaru huɗu ko biyar. Marar hali zai bar karatun. Mai wayo zai nemi wanda zai haɗa masa takardu ta bayan fage, ya shiga laifin da da can bai yi ba.

Na san abin da magatakardan jami'a zai ce, kuma yana da gaskiya: duk ƙofar da aka buɗe don mutum ɗaya mai uzuri, mutum hamsin marasa uzuri za su bi ta. Ƙasar nan ta sha fama da sojan gona a ɗakin jarrabawa da masu shiga jami'a da sakamakon 'yan'uwansu. Tsaurin da ake yi kan suna ba banza ya zo ba. Amma maganin da aka kawo wa wancan ciwo shi ne ya sauƙaƙa wannan. Zanen yatsa ba ya sauyawa don an sauya suna. Lambobi 11 na NIN suna nan yadda suke. Yatsan da Hadiza ta dangwala ranar JAMB shi ne a hannun Hamza. A da, suna ne kaɗai shaidar mutum, shi ya sa ake tsoron taɓa shi. Yanzu lamba ce shaida, suna kuma abin kira. Wannan shi ne ainihin abin da jami'o'in waje suka gano, kuma ba shi da addini. Ita kanta babbar jami'armu an buɗe ta a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, a 1988 ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba a kuma ce wa masu tsohon kwali su je kotu su rantse cewa makaranta ɗaya ce ba.

Abin da ke hannun jami'a ba kaɗan ba ne. Fayil ɗinta ne, katin shaidarta ne, jerin ajinta ne, gadon kwananta ne, kwalinta ne. Tana iya rubuta ƙa'ida mai shafi biyu: idan ɗalibi ya zo da rahoton ƙwararrun likitoci, mutum uku su zauna a ɗaki a rufe, magatakarda da likita daga asibitin koyarwa da malami daga tsangayar shari'a. Su tabbatar da yatsa, su gyara suna da jinsi a duk abin da ke ƙarƙashinsu rana ɗaya, su rufe tsohon fayil a inda ba kowane akawu zai buɗe ba, su ba shi wasiƙa mai hatimi da ke cewa mai wannan lamba shi ne mai wancan satifiket, ba tare da an zayyana abin da likita ya gani ba. Idan ya fi son a mayar da shi wata jami'a inda ba wanda ya san shi da hijabi, a sauƙaƙa masa. Jami'a ba za ta rasa madogara ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa kawai, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ake tsananta sirrinsu. Dokar 2014 da ta hana auren jinsi, wadda wasu ma'aikata ke tunawa da zarar sun ji kalmar jinsi sai hannunsu ya fara rawa, magana take kan aure da ƙungiyoyi, ba ta ce komai kan gyara takardar mata-maza ba.

Abin da ya fi ƙarfin jami'a, wato WAEC da JAMB da katin ɗan ƙasa, sai Abuja. Ba sai mun je Turai neman misali ba. Kenya ta ƙirga mata-maza a ƙidayar 2019, ta samu mutum 1,524, adadin da kowa ya san kunya ta rage shi, sannan dokar yara ta 2022 ta ambace su da suna. Afirka ta Kudu na da dokar gyara jinsi a takarda tun 2003. Ba na cewa a kwafo su baƙi da fari, Kenya ma kotu ce ta tura ta mataki-mataki. Ina cewa hanya ɗaya tak, mai sirri, wadda rahoton likita zai shiga ta ƙofa guda ya gyara takardu biyar, ba abin da ya gagari ƙasa ba ne.

Wani amfanin kuma zai biyo baya ko ba a nema ba. Ranar da jami'a ta koyi riƙe mutum da lamba, Kulun da aka rubuta Hauwa'u a firamare za ta huta, haka wanda ya musulunta ya sauya suna, haka bazawarar da kwalinta ke ɗauke da sunan mijin da ya sake ta, haka jikokin waɗanda makarantar boko ta laƙaba wa sunan garinsu, kamar yadda aka yi wa Shehu Shagari da Malam Aminu Kano.

Shi dai yaron na Ingila, mahaifinsa ya ce ya rubuta Abba a gurbi na biyu, tunda sunan kakansa gare shi kuma ba mai faɗarsa a gida, amma ya tabbatar sunan fasfo aka buga masa a kwali harafi da harafi, don kada ya dawo ma'aikatar ilimi da sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Wamakko su ce ba su san Abba ba. Da na sake haɗuwa da tsohon hedimastan na kawo masa misalin Hadiza, ina jiran ya yi mini gardama irin tasa. Sai ya yi shiru yana murza carbi.

"Na taɓa samun guda ga aji shida, can wani ƙauye," ya ce. "Ita ka zuwa ta ɗaya ga lissahi. Da muryatta tab buɗe sai anka daina turo ta. Ni da hannuna nis sa ma sunanta jan biro ga rajista."

Na ce, "Baba, ina take yanzu?"

Ya ce, "Ɗana, wane suna zan tambaya da shi?"